Sabatikal a Lokacin Matsin Kuɗi: Tambayoyi da Amsoshi kan Hutun Shekara na Malaman Jami'a

Duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi sanyi, sai a shiga lalube ana neman inda za a datse. Cikin abubuwan da ido ke saurin faɗawa a kansu har da hutun shekara guda da ake ba malaman jami'a, wanda su kansu malaman ke kira sabatikal. Mai saye a kasuwa da ke fama da tsadar masara yana da haƙƙin ya ji dalilin da za a biya mutum albashin wata 12 alhali ba ya shiga aji a inda aka ɗauke shi aiki. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon yadda abin yake a jami'o'in gwamnati na Najeriya.

Mene ne sabatikal, kuma daga ina ya samo asali?

Shekara ce da ake sauke wa malamin jami'a nauyin koyarwa da zaman kwamitoci a jami'arsa, domin ya je wani wuri ya yi bincike, ko rubutu, ko ya koyar, sannan ya dawo. Kalmar da ranar Asabar tushensu ɗaya, duka daga ma'anar hutu a karo na bakwai suka fito. A cikin Attaura akwai umarnin a noma ƙasa shekara shida, a bar ta ta huta a ta bakwai. Manomin ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san saura: gonar da aka bari ta yi ciyawa don ƙarfinta ya dawo.

Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara tsara shi a 1880, daga nan ya bazu. Mu kuma mun gaje shi ne tare da sauran tsarin jami'a, tun daga Ibadan a 1948 zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. Amma fitar malami daga garinsu don ya ƙaro sani tsohon abu ne a wurinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tafi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, Muhammadu al-Kashinawi kuma ya bar Katsina ya yi rubuce-rubucensa a Alƙahira, a can ya rasu a 1741.

Wa ya cancanci samunsa?

Kowace jami'a da ƙa'idojinta, amma galibi sun yi kama da juna. Sai malami ya kai matsayin babban lakcara ko sama, ya kuma yi shekara shida yana aiki ba yankewa. Zai rubuta takarda ta bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ya haɗa da shaidar cewa akwai inda za su karɓe shi da bayanin abin da zai je yi. Ana sa ran in ya gama zai dawo ya yi wa jami'arsa aiki, ya kuma miƙa rahoto.

Gaskiya ne mai sabatikal albashi biyu yake karɓa?

A mafi yawan lokuta, e. Jami'arsa ta asali tana ci gaba da biyansa, wurin da ya je ma suna biyansa a kan aikin da yake yi musu. Idan daga wata jami'ar tarayya ya koma wata, to duka biyun daga baitulmali ɗaya suka fito. Babu amfanin ɓoye wannan, domin a nan ne zuciyar mutane ta fi sosuwa.

Sai dai a duba me na biyun yake saye. Jami'ar da ta karɓe shi ba kyauta take ba shi ba. Ta samu farfesa na shekara guda, zai koyar, zai duba ɗaliban digiri na biyu da na uku, wani lokacin ma shi zai riƙe sashen. Da za ta ɗauki farfesa na dindindin, za ta biya wannan kuɗin, ta kuma ɗauki nauyin fanshonsa, in ma ta same shi ke nan. Shi kuma malamin zai kama haya a wani gari, yana riƙe da gida biyu, yana zirga-zirga a hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki.

To idan aka soke shi gaba ɗaya, ba za a rage kuɗi mai yawa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi amsawa da gaggawa ba tare da lissafi ba. Albashin malamin a jami'arsa yana nan, ko ya tafi ko bai tafi ba. Ranar da aka soke sabatikal, ba za a rage ko kwabo daga wannan albashin ba, mutumin zai dai zauna a ofishinsa ne a ci gaba da biyansa. Darussan da ya bari kuwa, a jami'o'inmu ba kasafai ake ɗauko wani a biya shi don ya maye gurbinsa ba. Abokan aikinsa ne ke raba su a tsakaninsu, da sanin cewa wata rana su ma za a ɗaukar musu.

Abin da za a iya ragewa shi ne kuɗin da jami'a mai masauki take biya. Amma ita ma in an hana ta baƙon, aikin da yake yi bai ɓace ba. Ko dai ta nemi wani ta biya, ko ta rufe kwas ɗin, ko ta ɗora wa ƙaramin malami abin da ya fi ƙarfinsa.

A kuma duba yawan masu tafiyar. Ko da duk wanda ya cancanta ya tafi daidai lokacinsa, mutum ɗaya ne cikin bakwai a kowace shekara, kuma cikin manyan malamai kaɗai. A aikace ba a kai haka, saboda babu shugaban sashen da zai saki mutum biyu masu fanni ɗaya a lokaci guda, wasu kuma sukan yi shekara goma sha ba su nema ba. Wanda ke neman inda kuɗin ilimi ke zurarewa ya fi kyau ya fara da gine-ginen da aka biya kuɗinsu aka watsar, da kuɗin wutar lantarki da dizal da suka tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Me malami zai yi a shekarar nan wanda ba zai iya yi yana bakin aikinsa ba?

Sai wanda ya ga teburin malamin jami'ar gwamnati a ƙarshen zango zai gane. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ce a fannin adabi da zamantakewa malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 30, a kimiyya 20, a injiniyanci 15, a likitanci 10. A zahiri akwai ajin da ɗalibai ɗaruruwa ke zaune, wasu a tagogi, wasu a ƙasa, malami ɗaya ne kuma zai duba takardun jarrabawarsu da hannunsa. Ga ɗaliban da yake duba wa kundin kammala karatu, ga taron sashe, ga kwamitin ladabtarwa, ga sakamakon da ake jira. Daga gama wannan zango sai a faɗa wani, musamman a shekarun da ake ƙoƙarin cike giɓin da yajin aiki ya bari.

Akwai ayyukan da ba sa yiwuwa a gutsure-gutsure. Mai son ya bi rayuwar wani ƙwaro da ke cin gero dole ya zauna a gona tun daga shuka har girbi. Mai nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami yana buƙatar watanni a Gidan Arewa da ke Kaduna ko a ɗakunan ajiya na Sakkwato, yana bin shafi bayan shafi. Mai ilimin sinadarai da na'urar da yake buƙata ba ta aiki a jami'arsa sai ya je inda take aiki. Littafin karatu da ɗalibi zai riƙe, wanda misalansa daga ƙasar nan suke, wani ne zai zauna ya rubuta shi, kuma ba a tsakanin lacca biyu ake yin haka ba.

Sannan akwai abin da ya fi damuna. Malamin da ya shekara 15 bai fita ya ga yadda wasu ke yi ba, da tsohuwar takardar laccarsa zai ci gaba da shiga aji. Ba shi zai ji a jikinsa ba, ɗalibin ne zai fita da ilimin da zamani ya wuce, ya je neman aiki da shi.

Me ya sa sababbin jami'o'i suka fi kowa neman masu sabatikal?

Saboda an buɗe jami'o'i da sauri fiye da yadda ake samar da malamai. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa jami'o'in tarayya tara a lokaci guda, cikinsu har da na Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Lafiya da Wukari. A 2013 aka ƙara na Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa. Jihohi ma kowace ta buɗe tata, wasu har biyu. Ginin ajujuwa shekara ɗaya ko biyu ya isa, amma kafin wanda ya gama digirin farko ya zama farfesa ana maganar shekara ashirin ko kusa da haka.

Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya ƙirga malamai 37,504, ya kuma gano kashi 43 cikin ɗari ne kawai ke da digiri na uku. Ita kuma NUC tana so a kowane sashe a samu kusan kashi 20 farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan lakcarori. Ina sabuwar jami'a za ta samo su? Daga Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos take aro su. Da yawa daga sassan da yau suke tsaye da ƙafafunsu, baƙi ne suka tsara musu manhaja, suka horar da matasan da aka ɗauka, suka tafi. Dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai da gwamnati ta sanar a watan Agustan 2025 amsa ce ga wannan matsalar, ko da yake ta zo a makare.

Ina alaƙar wannan da rikicin IPPIS?

Alaƙa ce ta kai tsaye. IPPIS tsarin biyan albashi ne na bai ɗaya daga Abuja, an fara shi a 2007 don maganin ma'aikatan bogi. A ƙarshen 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ce dole jami'o'i su shiga. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙi, kuma cikin manyan dalilanta akwai cewa tsarin ya san ma'aikaci ɗaya da wurin aiki ɗaya ne kawai, bai san mai sabatikal ba, bai san malami mai ziyara ko na kwantiragi ba. Gwamnati a nata ɓangaren ta ce akwai malaman da ke karɓar cikakken albashi a jami'o'i da dama lokaci guda, kuma wannan ne ake son toshewa. ASUU ta ƙirƙiro nata tsarin mai suna UTAS, ba a karɓa ba.

Batun yana cikin abin da ya jawo yajin aikin wata tara a 2020, da na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022. A tsakanin nan mutane sun yi aikin sabatikal na watanni ba a biya su ba, jami'o'i kuma suka ja baya da gayyatar baƙi. Sai a watan Disamban 2023 majalisar zartarwa ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS, aiwatarwar ma ta ɗauki lokaci. A waɗannan shekarun mun ɗanɗana yadda soke sabatikal zai kasance ba tare da an kira shi sokewa ba, kuma ƙananan jami'o'i ne suka fi shan wuya.

Amma ai ana cin amanar tsarin. Ko za a musa?

Ba za a musa ba, kuma duk malamin da ke son a ci gaba da sabatikal ya kamata ya riga kowa faɗa. Akwai wanda zai tafi shekara guda ya dawo ba takarda ko ɗaya, ba babi ko ɗaya na littafi, rahotonsa shafi biyu ne kuma ba wanda zai karanta. Akwai wanda sunansa ke jerin malaman wata jami'a amma ɗalibanta sau uku suka gan shi. Akwai jami'ar da ke tattaro farfesoshi gab da zuwan masu tantance kwasa-kwasai, da zarar an ba ta shaida sai kowa ya kama gabansa. Wannan ha'inci ne, kuma ɗalibin da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka biya masa kuɗin makaranta shi ake cuta.

Akwai kuma dalilin da ya sa abin ya lalace haka. A lokacin yajin aikin 2022, abin da farfesa ke ɗauka gida a wata bai kai naira dubu 500 ba, a kan tsarin albashin da aka yi yarjejeniyarsa tun 2009. Daga baya naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan hali sabatikal ya koma shekarar da mutum zai yi rufin gidansa ko ya aurar da 'yarsa. Na fahimci wannan sarai, ina kuma tausaya wa duk wanda ya shiga ciki. Amma fahimtar dalili ba ta halatta a karɓi kuɗin bincike a ƙi yin binciken.

Idan malamin gwamnati ya yi sabatikal a jami'a mai zaman kanta fa?

A nan tambayar tana da ƙarfi. Gwamnati ce ta horar da shi, ita ke biyansa a shekarar, amma masu cin gajiyar su ne ɗaliban da iyayensu ke iya biyan miliyoyi. Ba na ganin a hana, domin wata jami'ar mai zaman kanta tana da kayan aikin da na gwamnati ba su da su. Sai dai in koyarwa kawai zai je yi, babu wani bincike da zai dawo da shi, to hutu ba albashi ya fi dacewa da shi.

TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba ta ɗaukar nauyin irin wannan?

Ba ita ke biyan albashin mai sabatikal ba. Asusun, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, yana samun kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni. Yana gina ajujuwa, yana tura malamai karatun digiri na biyu da na uku, yana ba da tallafin bincike. Mai dabara yakan haɗa shekararsa da irin wannan tallafin. Amma a Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar dala da kuma yawan waɗanda ba sa dawowa. Ƙofofin da malami zai leƙa waje suna ta raguwa, wannan ma dalili ne na kada a rufe wadda ta rage.

Wasu ƙasashen sun taɓa fuskantar wannan muhawarar?

Ƙwarai. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, jami'o'i da dama a Amurka sun dakatar da sabatikal ko sun rage shi. A jihar Iowa 'yan majalisa sun nemi a soke shi a jami'o'in jihar guda uku, aka ƙare da ƙayyade yawan masu tafiya. Abin koyi a tsarinsu shi ne zaɓin da ake ba malami: zango ɗaya da cikakken albashi, ko shekara guda da rabin albashi. Wanda ya zaɓi na biyu, rabin da ya bari ya isa a biya mai riƙe masa aji.

Malamin firamare ba ya samun albashi a kan lokaci. Da wane ido za a kalle shi a ce farfesa na hutu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta share masa hawaye. Malamin firamare a ƙauye, da aji mai yara fiye da ɗari, ba alli ba benci, ya fi kowa cancantar a fara da shi. Abin da zan iya cewa shi ne kuɗin ba daga tukunya ɗaya suke fitowa ba. Albashinsa yana bi ta jiha da ƙaramar hukuma, in an hana farfesa a Zariya tafiya ba za a ƙara masa ko sisi ba. Dukansu biyu kason ilimi ne ya yi musu kaɗan: shekara da shekaru bai kai kashi 10 cikin ɗari na kasafin tarayya ba, alhali abin da ƙasashe suka amince da shi ƙarƙashin UNESCO a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20. Kuma wanda ya koyar da malamin firamaren a kwalejin ilimi, a hannun wannan farfesan ya yi karatu.

To me ya kamata a gyara?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A daina ɗaukar sabatikal a matsayin abin da shekara shida kawai ke ba mutum. Mai nema ya faɗi takamaiman abin da zai dawo da shi, littafi ne, ko sakamakon gwaji, ko sabon kwas, ko ɗalibai nawa zai yaye. In ya dawo ya tsaya gaban tsangayarsa ya gabatar, a kuma saka rahoton a shafin jami'a na intanet inda kowa zai gani, tunda kuɗin jama'a ne. Wanda ya dawo hannu rabbana kada a sake ba shi, wanda ya ƙi dawowa ya mayar da albashin.

NUC ta riƙe rajista ɗaya ta duk masu sabatikal da masu ziyara, don a san ba mutum ɗaya ke cike gurbi a wurare huɗu ba. A shekarar matsi, jami'a na iya rage adadin masu tafiya, ta fifita waɗanda ba su taɓa zuwa ba a kan masu neman karo na uku, ta kuma buɗe zaɓin zango ɗaya. Ina ganin ya kamata a ƙarfafa zuwa wuraren da ba jami'a ba: cibiyoyin binciken noma, asibitoci, masana'antu, ma'aikatun gwamnati. Malamin injiniyanci da ya shekara a masana'anta zai dawo aji da abin da babu shi a littafi. Mata malamai ma a duba su, domin da yawansu ba sa iya barin gida su koma wani gari na shekara guda, sai haƙƙin ya wuce su. A bar mai son ta yi nata a cibiyar da ke garin da take.

Ni ɗalibi ne, mai duba kundina ya tafi sabatikal. Yaya zan yi?

Kada ka zauna jira. Tafiyarsa ba ta sauke masa nauyinka ba sai in sashe ya sauke masa. Ka same shi kafin ya tafi ku yi magana a fili: zai ci gaba da duba aikinka ta waya da imel, ko zai miƙa ka ga wani? In digiri na biyu ko na uku kake yi, akwai mai dubawa na biyu a kwamitinka, ka matsa kusa da shi tun yanzu. In wata biyu suka wuce ba amsa, ka rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga shugaban sashe ta hannun jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri, ka faɗi ranar da ka miƙa babin da ranar da ka tuntuɓa, ka ajiye kwafi. Sashe yana da ikon naɗa maka wani mai dubawa, na wucin gadi ko na dindindin, kuma neman hakan ba rashin kunya ba ne ga malaminka.